Kwana Bakwai Cikin Yini Ɗaya

Ni na kawo dabarar. Gara in faɗa tun yanzu, domin na san halina, in na bari labari ya yi nisa zan lallaɓa in ɗora wa wani.

Ranar da aka kai Auta cibiyar gashin ƙashi ta yara, mu huɗu muka je: Yaya, wato mahaifinta, da matarsa, da Inna mahaifiyarmu, da ni gwaggonta mai ɗinki. Ba don zumunci ya yi mana yawa ba ne. Ƙa'idar wurin ke nan, ba sa karɓar yaro a hannun uwa ita kaɗai, sai duk wanda ke zaune gida ɗaya da shi ya zo. Auta tana da shekara biyar a lokacin. Ta zo duniya da wahala, abin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, ƙafafunta suka yi tauri. Ba ta tsayawa, ba ta tafiya, kalmominta ba su fi goma ba, amma dariya kam Allah ya hore mata. Ni take ce wa Gogo.

Ma'aikaciyar da aka haɗa mu da ita, wadda kowa ke kira Malama, ta kwantar da ita a kan katifa, ta miƙe mata ƙafa a hankali, ta ɗora wani ma'aunin roba mai kama da buɗaɗɗen almakashi a gefen gwiwarta. Ta rubuta lamba a takarda.

"Kaɗan ya rage gwiwar ta miƙe sosai," in ji ta. "Yarinyar nan za ta iya tsayawa da ƙafarta, har ta taka da abin dogarawa. Amma jijiyoyin bayan gwiwa kullum tsukewa suke yi in ba a miƙe su ba. In suka ƙulle, sai wuƙar likita."

Ta sa aka shigo da wani katako mai tsayin yaro. Yana da wurin ɗora ƙafa, da maɗaurai uku, na gwiwa da na ƙugu da na ƙirji, da ɗan tebur a gaba. Katakon tsayuwa suke ce masa. Ta nuna mana yadda ake sa ta a ciki, ta sa kowannenmu ya gwada da hannunsa, har Inna.

"Rabin awa kullum. Ni sau ɗaya nake ganinta a wata, ku kuwa kullum kuna tare. Ku ne asibitinta. Kuma don Allah kada a bar wa uwa ita kaɗai, ta gaji ta ajiye."

Yaya ya dafa ƙirji ya ce safiya tasa ce, kafin ya fita da motar kamfani. Matarsa ta ce duk ranar da ya makara ita za ta yi, in ta taso daga makarantar da take koyarwa. Inna ta ce za ta riƙa zama gabanta tana ɗebe mata kewa. Ni aka ba aikin waya: kullum in ɗauki bidiyo na minti ɗaya, ranar Lahadi in tura wa Malama guda bakwai, ta ga yadda muke ɗaurewa, in da kuskure ta gyara. Muka fito muna yaba wa kanmu. A mota har Yaya yana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Kwana huɗu muka yi.

Ba zan ɓoye ba, abin da wuya. Da zarar an ja maɗaurin gwiwa sai Auta ta fasa kuka, irin kukan da mutum ke ji har cikin haƙoransa. Malama ta gaya mana haka za a yi fama kwanakin farko, daga nan jiki ya saba. Mun ji, amma ji a ofis daban, ji a falo daban. Rana ta biyar Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Jikata ba akuya ba ce da za a riƙa ɗaure ta a turke kullum safiya. Ku bar ta ta huta yau."

Aka bar ta ta huta. Washegari Yaya ya ce an canza masa hanya, dole ya fita da wuri. Matarsa ta dawo da tulin littattafan yara da za ta duba, ga ciwon kai. Ni kuma ɗinki ya taru mini, mata uku suna ta kira. Babu wanda ya taɓa cewa an daina. Kowa gobe yake cewa, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Kafin mako na biyu ya ƙare na fara rataye kayan da na goge a jikin katakon, saboda tsayinsa ya yi mini daidai.

Lahadin farko na tura guda huɗu, na ce wayata ce ta sami matsala. Lahadi ta biyu, bayan mun ci abincin rana, saƙon Malama ya shigo: "Gwaggon Auta, ina jiran ganin 'yata."

Na karanta wa mutanen falo.

"Ki ce mata ba ta jin daɗi," in ji matar Yaya.

"In ta ce a kawo ta fa?"

Yaya ya shafa kai. "Matar nan ta ɗauke mu mutanen kirki. Da wane ido zan kalle ta?"

Ina zaune a bakin keken ɗinki, sai idona ya faɗa kan kwandon kayan Auta. Duk ragowar yadin da ya saura a hannuna riga nake yi mata da shi, har ta fi kowa sutura a gidan. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba.

"Riga bakwai, bidiyo bakwai," na ce. "Wa ya san ranar da aka ɗauka?"

Na so a ce wani ya tsawata mini. Inna ta ce ita ba ruwanta, amma ita ta tashi ta miƙo kwandon.

Aikin ya yi kyau, don ni ba na aikin ganin dama. Na fara cire agogon bango. Litinin, riga shuɗiya, a falo, labule a buɗe, Yaya cikin kayan aiki. Talata, riga ja, a bakin ƙofar kicin. Laraba na sauke labule na kunna fitila, kamar da sassafe. Na sa matar Yaya ta canza ɗankwali sau uku, na sa Inna ta zauna gefe da kofin shayi wanda babu komai a ciki.

"Ke kam ɗinki ya cuce ki," in ji Yaya yana canza riga. "Da harkar fim kika shiga, da yanzu mun huta."

Muka yi dariya, har da ni.

Ita kuwa Auta, a kwance ta, a tuɓe ta, a sa wata riga, a sake ɗaurewa. Hannunta na hagu ba ya miƙewa da sauƙi, kowace riga sai an murɗa shi kafin ya shiga. A riga ta biyar muryarta ta dishe. Na kashe sauti. Na kuma lura cewa in ta tsaya jan numfashi tsakanin kuka da kuka, bakinta yana buɗewa kamar na mai dariya. Sai na riƙa fara ɗauka daga nan, sauran kuma in karkata waya kan maɗaurai da ƙafafu. Da waɗannan hannayen nawa na yi, kuma ban ji komai ba sai daɗin cewa dabarata ta ci.

Malama ta amsa da yamma. Ta ce madalla da wannan gida, ta ce a ɗan ɗaga maɗaurin ƙugu sama kaɗan.

"Wannan satin kaɗai," in ji Yaya. "Daga gobe za mu koma yi da gaske."

Wata shida muka yi muna wannan satin kaɗai.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba, shi ya sa muka sami wurin ɓuya. Da farko sa mata wando ne ya fara wuya. Daga nan in an zaunar da ita a kujera sai gwiwoyin su taso sama, ta zame. Da can takan mirgina daga kan tabarma har ta iso gindin kekena, ta kwashi ƙyalle tana wasa. Sai ta daina isowa. Takan fara, ƙafafun su harɗe, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallona. Bayan gwiwarta ta hagu, inda fata ke haɗuwa da fata, ya fara yin ja, ya jiƙe, ya yi wari. Matar Yaya ta saya mata hoda. Inna ta ce zafi ne, duk yara suna yi.

Sannan ta tsani riga. Yarinyar da in na ɗinka mata sabuwa take tafa hannu tana cewa Gogo, Gogo, ta koma in ta ga na nufo ta da riga sai ta ƙanƙame jiki ta fara haki. Ta gane cewa riga ita ce ƙofar katako. Ranakun mako muka koma barinta da shimi don a zauna lafiya. Ranar Lahadi kuwa, tun da ta ji an ja kwandon nan take fara kuka, kafin kowa ya taɓa ta.

Kowa yana da abin faɗa. Yaya ya ce shi ke nemo abin da za a ci, ba zai rabu biyu ba. Matarsa ta ce ita ta haife ta, ita ta san zafin kukan, wanda bai haifa ba ba zai gane ba, kuma ni take nufi. Inna ta ce a zamaninsu ba a san katako ba, kuma yara sun tashi. Ni na ce aikina waya ne, kuma ban taɓa fashin aikina ba.

Duk ƙarshen wata Malama ta ɗora ma'auni, lambar ta ƙaru. A wata na uku ta daɗe tana kallon takarda.

"Ku yi haƙuri da tambayar. Kullum ake yi?"

"Ai kina gani da idonki, Malama," in ji Yaya.

"Haka ne. Ku gafarce ni."

Ta ƙara lokaci zuwa minti arba'in da biyar. Muka ce to. Ta ce watakila katakon ne bai zauna daidai ba, ta turo kafintan cibiyar har gida. Ina jin sallamarsa na yi wuf na kwashe kayan da ke rataye, na goge ƙura da bakin zanina. Ya duƙa ya duba, ya ja maɗaurai, ya girgiza kai cikin sha'awa.

"Kai, gidan nan kun iya riƙon kaya. Na wasu gidajen wata biyu maɗaurin ya saki, ya yi baƙi da gumi. Naku kamar yau aka kawo."

Na ce masa mun gode. Har ruwan sanyi na kawo masa.

A wata na huɗu aka yi taron iyaye a babban ɗakin cibiyar. Ban san abin da Malama ta shirya ba sai da na ga falonmu a jikin bango, ga Yaya yana ɗaure maɗauri, ga Inna da kofinta. Malama ta ce a dubi wannan gida, uba da uwa da kaka da gwaggo, kowa da hannunsa a ciki, ba su taɓa fashin kwana ɗaya ba. Aka tafa mana. Inna ta gyara zama, tana amsa gaisuwa da kai.

Da aka tashi wata mata ta tare ni a bakin ƙofa. Wankau take yi a gidajen mutane, hannayenta duk sun tsattsage da sabulu. Tana goye da ɗanta, wanda ya girmi Auta da shekara guda, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta.

"Baiwar Allah, ki koya mini yadda kuke yi. Ni kaɗai ce, ubansa ba ya nan. Ina tsayar da shi kafin in fita, amma bidiyon ne ba na cikawa, wayar maƙwabciya nake ara. Wani satin uku, wani satin huɗu. In na ga naku sai kunya ta kama ni."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Amma ba ta tsage ba, bakina ne ya buɗe.

"Tsari ne kawai da haƙuri," na ce mata.

Ta yi mini godiya har da rusunawa.

Ranar ban iya cin abinci ba. Na ce wa Yaya ya kamata mu fara da gaske. Ya ce ƙwarai kuwa, bari a wuce wannan watan, aiki ya yi masa yawa. Ni ma ban ƙara tayar da maganar ba. Lahadi ta zo, na ɗauko kwando.

A ƙarshen wata na shida Malama ta ce mu zo dukanmu, likitan ƙashi zai ga Auta. Muna zaune a kan benci muna jira, sai ga mai wankau a benci na gaba. Ɗanta yana tsaye. Ya riƙe bakin bencin da hannu biyu, ƙafafunsa suna rawa, amma a tsaye yake, yana ta washe baki. Tana ganinmu, ta dubi Auta a cinyar uwarta a dunƙule, sai ta yi sauri ta jawo yaron ta zaunar da shi, don kada mu ji ciwo.

"Kowa da yadda Allah ya tsara masa," ta ce a hankali. "Ku kun fi ni ƙoƙari, kowa ya shaida."

Matar Yaya ta sunkuyar da kai.

Likitan dattijo ne mara yawan magana. Ya lanƙwasa, ya miƙe, ya auna, Auta tana tsala ihu. Ya karanta takardun Malama daga farko har ƙarshe.

"Wata shida ana tsayar da ita kullum, kuma abin gaba yake yi. To, babu amfanin jira. Jikinta ba ya karɓar wannan hanya. Za mu yi mata aiki a ƙafa biyu, mu saki jijiyoyin."

Ya turo takarda. Yaya ya ɗauki biro. Na ga cewa zai sa hannu.

Malama tana tsaye a jikin taga. Ta matso, muryarta ta canza.

"Baban Auta, kafin ka sa hannu, ina neman gafararku. Ku kun yi naku, har kun wuce. Ni ce na ce muku za ta tsaya. Na sa kuna ɗaure yarinya kullum tana kuka, wata shida, ashe a banza. Na duba bidiyonku ya fi a ƙirga ina neman inda na kuskure, ban gano ba. Ku yafe mini."

Ta share ido da bakin mayafi. Sai Inna ta miƙa hannu ta dafa ta.

"Ba komai, 'yata. Mun yafe miki."

Wannan kalmar ce ta karya ni. Na jure tafi, na jure godiyar mai wankau, amma ban iya jure mu yafe wa matar nan ba.

"Yaya, ajiye biron."

"Ke, mene ne haka?"

"Malama, ba ki yi kuskure ba. Ba ma tsayar da ita. Ranar Lahadi muke ɗaukar duka bakwai ɗin, ina canza mata riga. Minti ɗaya-ɗaya. Ni na kawo dabarar."

Matar Yaya ta rufe fuska da hannu biyu. Inna ta janye hannunta. Malama ta dube ni kamar ba ta ji da kyau ba, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Nawa ne na gaske?"

"Huɗun farko."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon Auta, wadda ta gaji da kuka tana tsotsar yatsa.

"Da kun ce mini ta yi kuka kun kasa, da na zo gidan da kaina," in ji ta. "Rabin iyayen da kuka gani a waje sun taɓa kasawa. Sukan zo su faɗa, mu rage lokaci, mu sake dabara. Aikina ke nan. Abin da ba na iya gyarawa shi ne wanda aka ce mini lafiyarsa lau."

Likita ya zare takardar daga gaban Yaya, ya ce a sake kwantar da Auta. Wannan karon ya daɗe a kan kowace gwiwa.

"Ta dama tana da sauran laushi. Tunda ba a taɓa gwada ta da gaske ba, za mu ba ta dama, watakila ta dawo ba tare da wuƙa ba. Ta hagu ta ƙulle. Wata shida da suka wuce tsayuwa kawai take nema, yanzu sai aiki."

Muka shiga mota, muka hau babban titi.

"Kin tsinka mu a gaban mutane," in ji Yaya, idonsa a kan hanya. "Ba za ki bari mu zo gida mu yi shawara ba?"

"Da ka sa hannu."

"Ni za a zaga," in ji matarsa cikin kuka. "Ba za a ce gwaggo ba, ba za a ce kaka ba. Uwa za a ce."

Inna ta yi tsaki. "Wani abin ai a bar kaza cikin gashinta ya fi."

"Kazar da za a kai wa wuƙa, Inna?"

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta juya tana kallon waje.

An sa ranar aiki bayan mako uku. Malama ta zo gidan da kanta washegarin ranar da muka ga likita, ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta nuna mini yadda zan tallafe ƙafar hagu da matashi, in tsayar da ita a kan ta dama, minti goma a fara. Kada wani ya ɗauka na zama gwarzuwa, bashin kunya ne ya kore ni. Kullum da safe nakan rufe keke in ɗaure ta, in zauna a ƙasa gabanta. Tana kuka, ina kuka. Kwana tara ta yi tana yi. Rana ta goma ta yi ɗan ƙorafi, sannan ta ga maɓallan da na zuba mata a kan ɗan teburin, ta shiga tura su ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa, tana ƙyalƙyala dariya. Daga inda take tsaye ta hango titi ta taga, ta nuna mota ta ce, "Baba." Kwana tara ne kacal tsakaninmu da wannan, shi ne muka kasa haurawa. Matar Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta a kafaɗa. Ta ajiye jakar ta zo ta durƙusa tana tsince maɓallan.

Ranar aiki kowa ya sami lokaci. Yaya ya ɗauki hutun kwana uku, kuma kamfani bai rushe ba. Matarsa ta sami mai riƙe mata aji. Inna ta tashi tun kafin kowa ta shirya. Ni na kashe waya, masu ɗinki suka jira, babu wadda ta mutu. Aka karɓi Auta daga hannun uwarta a bakin wata ƙofa mai murfi biyu, tana waiwayenmu, ba ta san laifin da ta yi ba. Muka zauna a kan benci mu huɗu, awa huɗu cur, babu mai uzuri, babu mai ciwon kai. Na zauna ina raba awa huɗun nan gida-gida a raina, na ga tsayuwar kwana takwas ce.

Ba a gidanmu aka fara ba, na sani. Akwai gidaje da yawa da ake son yaro har cikin rai, a saya masa sutura, a yi masa addu'a, a yi kuka dominsa, amma rabin awar da zai ci moriya a rasa mai ba shi. Mu dai mun ƙara da abin da ya fi muni. Mun fi jin kunyar Malama a kan tausayin 'yarmu, muka zaɓi a ce mana madalla, ita kuma ta biya da ƙafarta.

Da aka fito da ita tana barci, ƙafar hagu cikin filasta tun daga cinya har idon sawu, fari fat, ta fi ta nauyi. Aka kai ta ɗakin yara. Can ta buɗe ido da ƙyar, ta lalubi fuskokinmu, leɓenta ya bushe.

"Gogo," ta ce. "Ciwo."

A gadon da ke kusa akwai wata tsohuwa mai jinyar jikanta. Ta leƙo, ta ga filasta, ta tafa hannu cikin tausayi.

"Wayyo, 'yar yarinya da ita. Me ya same ta?"

Inna ta gyara mayafi. "Haka Allah ya yi ta."

Na ɗaga kai zan yi magana, amma Yaya ya riga ni. Yana riƙe da ƙarfen gadon, bai dubi kowa ba.

"A'a, Inna. Allah ya yi ta da ƙafar da za ta tsaya." Ya juya wajen tsohuwar. "Baba, mu ne muka same ta."